Kwanon Silba Da Ƙananan Faranti A Wani Lungun Seoul

A harshen Koriya, "bap" na nufin dafaffiyar shinkafa, kuma da wannan kalmar suke kiran abinci gaba ɗayansa. Idan Bakoriye ya haɗu da wanda ya sani, sau da yawa abin da zai fara tambaya shi ne, "Ka ci bap?" Gaisuwa ce kawai, kamar yadda muke cewa "Ya gida?", amma ana danganta ta da zamanin da samun na sawa a baki ya kasance babban labari a ƙasar.

Da yawanku kun saba ganin 'yan Koriya a finafinai suna gasa nama a tsakiyar tebur, ko suna zuƙar taliya mai yaji har da hawaye. Ana cin waɗannan, amma abincin ranar ma'aikaci da direban tasi da ɗalibi sunansa "bekban", wato farar shinkafa. Kwano ɗaya na shinkafa ne, da miya, da ƙananan faranti na mahaɗi. A ƙananan gidajen abinci na cikin unguwa ake samunsa, irin waɗanda ba su wuce tebur shida ko bakwai ba, kuma yawanci wata dattijuwa ce mai gidan, ita ce mai dafawa, ita ce mai karɓar kuɗi.

Wanda muka je yana Haebangchon, wata unguwa da ke jingine da Dutsen Namsan a tsakiyar birnin Seoul. Ma'anar sunan ita ce Unguwar 'Yanci. Bayan Koriya ta fita daga mulkin Japan a 1945, mutanen da suka dawo daga ƙetare da waɗanda suka gudo daga arewacin ƙasar suka kakkafa bukkoki a gangaren dutsen, sannan yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ƙaro wasu. Har yau lungunan a matse suke, ga hawa kamar za a je sama. Ranar wata Juma'a ce ta watan Nuwamba, mu huɗu 'yan Nijeriya da abokinmu Bakoriye mai yi mana tafinta. Mun sauko daga Babban Masallacin Seoul da ke Itaewon, wanda aka buɗe a 1976. Kewaye da masallacin akwai gidajen abincin halal na Turkawa da 'yan Pakistan da Larabawa, kuma a nan muka saba ci. Ran nan dai muka ce sai mun ɗanɗana abin da masu garin ke ci. Tasha ɗaya ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Itaewon zuwa Noksapyeong, daga nan sai ƙafa, a wuce jerin manyan randuna masu ruwan ƙasa da ake jibgewa a bakin unguwar.

Gidan abincin bai fi shagon tela girma ba. A ƙofa an tara kabeji kamar za a yi gini da shi, gilashin taga ya yi gumi saboda tururi, talabijin na ta surutu babu mai kallo. Abokinmu ya ɗaga murya ya ce, "Imo!" Ma'anar kalmar ita ce 'yar'uwar mahaifiya, wato inna. Ba danginsa ba ce, ranar ma ya fara ganinta. Haka ake kiran masu irin waɗannan wurare, kamar yadda kuke cewa "Inna, a zuba mini na ɗari biyu" a bakin makaranta.

Kafin mu zauna sai da aka warware babbar magana. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a Koriya, kuma ba kullum ake ganinsa da ido ba: yana iya ɓuya a romo, ko a yanka shi ƙanana a cikin miya. Wasu girke-girken kuma ana ɗiga musu giyar girki don kashe ƙarnin kifi. Duk wanda Allah ya kai shi can a cikinku, ya haddace kalmomi biyu: "dweji-gogi", naman alade, da "sul", giya. Abokinmu ya yi wa Imo bayani, ta saurara tana share hannu da tawul. Miyar ranar ta kimci ce, ta ce a bar wannan, da alade ta dafa ta. Za ta yi mana miyar "dwenjang", wadda romonta na busassun ƙananan kifaye ne da ganyen teku, sai gasasshen kifi da ba a sa masa komai ba sai gishiri. Da ta kawo faifan mahaɗi, har ta ajiye wani faranti mai yankakken jan nama da aka soya da ƙwai, sai ta tsaya, ta ɗauke shi da kanta, ta koma kicin ta sauya da awara. Ba mu san abin da ke cikinsa ba, ita ta sani, kuma ba wanda ya tambaye ta. A garin da ba ka iya karanta takardar abinci, amanar mai girki ita ce duk abin da kake da shi.

Ƙananan farantin nan su ake kira "bancan". Ranar takwas muka ƙirga. Akwai alayyahu da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka murza da man riɗi da tafarnuwa, da tsiron waken suya, da 'yan mitsi-mitsin kifaye soyayyu masu ɗan zaƙi, da wainar ƙwai nadaddiya. Awarar kuwa ita ce dai tamu, sai dai ta fi laushi, kuma a cikin miyar barkono aka dafa ta. Ba a biyan kuɗin bancan daban, kuma idan faranti ya ƙare sai ka miƙa a ƙaro maka kyauta. Ba wanda ke da nasa. A tsakiya ake jera su kowa ya kai hannu, abin da bai zama baƙo ba ga wanda ya tashi yana cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa.

Sarkin bancan shi ne kimci, kuma kabejin da muka gani a ƙofa nasa ne. Hunturun Seoul ba irin namu ba ne. A watan Janairu ruwa na daskarewa a waje, gona ba ta ba da ko ganye ɗaya. Don haka tun kaka da kakanni, a ƙarshen Nuwamba mata ke taruwa gida-gida su haɗa kimcin da zai kai iyali har ƙarshen sanyi. Wannan gayyar sunanta "kimjang", kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2013. Ana tsaga kabejin a barbaɗe shi da gishiri, gishirin ya janye ruwan da ke cikin ganyen ('yan ajin bayoloji kun san wannan darasin). Sai a wanke, a shafe kowane ganye da kwaɓin garin barkono da tafarnuwa da citta da jatan lande mai gishiri, a danna a randa. A ciki wasu ƙwayoyin halitta, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, ke cinye sukarin ganyen su fitar da tsami, tsamin kuma ya hana shi ruɓewa. Da can binne randunan ake yi a ƙasa. Daga tsakiyar shekarun 1990 firji na musamman na kimci ya shiga gidaje. Jan launin nan ma daga baya ya zo, domin asalin barkono nahiyar Amurka ce, bai iso Koriya ba sai wajen shekaru 400 da suka wuce. A bakinmu dai, yajin kimci bai kai na yajin tsire ba. Tsaminsa da sanyinsa ne ke ba baƙo mamaki a lomar farko.

Miyar ta iso tana tafarfasa a cikin baƙar tukunyar ƙasa, kuma kafin a sauke ta a tebur muka dubi juna. Ƙamshin daddawa ne sak. Dwenjang waken suya ne da aka dafa aka kirɓa, aka yi curi-curi kamar tubali aka rataye ya bushe, sannan aka jiƙa shi a ruwan gishiri cikin randa na tsawon watanni. Ƙwayar halittar da ke aiki a kan waken ita ce mai aiki a kan kalwa idan ana daddawa, shi ya sa hanci bai yi ƙarya ba. Ɗaya daga cikinmu ya ce da za a kaɗa kuka a ciki, da an gama magana. Da abokinmu ya fassara wa Imo cewa mu ma muna da irinta a gida, ta yi dariya ta ce ai Turawan da ke shigowa toshe hanci suke yi.

Kifin ma ɗan gida ne: shi ne wanda masu kifin ƙanƙara ke kira titus a kasuwanninmu. 'Yan Koriya sun fi son manya masu maiƙo, har suna sayo su daga Norway, ƙananan da jiragensu ke kamawa kuwa da yawa ana lodinsu zuwa Gana da Nijeriya da Kwaddibuwa. Mai yiwuwa ne wanda aka soya muku a gida makon jiya ta tashar Busan ya biyo.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kwanon shinkafar. Ɗan ƙaramin kwanon silba ne mai murfi, da zafinsa har ba ya riƙuwa, kuma duk gidan abincin da ka shiga a Koriya kusan irinsa za a ajiye maka. Wannan ba dacewa ba ce, doka ce ta haife shi. Bayan yaƙi ƙasar ba ta noma shinkafar da za ta ishe ta, kuɗin sayowa daga waje kuma babu. Gwamnatin Park Chung-hee ta shiga tilasta wa mutane rage cin ta. Daga 1969 aka hana gidajen abinci sayar da shinkafa ranakun Laraba da Asabar daga ƙarfe 11 na safe zuwa 5 na yamma, sai dai taliya da sauran kayan fulawa. A makarantu, malamai kan bi layi-layi suna buɗe kwanon abincin kowane ɗalibi su ga ko an gauraya shinkafarsa da sha'ir. Wanda aka samu da zallar fara ya shiga uku. Ku kwatanta a ce malamin ajinku ne ke leƙa kular abincinku kullum yana ba da maki. A 1976 hukumar birnin Seoul ta ƙayyade girman kwanon da za a sayar da shinkafa a ciki: faɗi santimita 10.5, zurfi santimita 6, kuma ba a cika shi fal. Mai gidan abincin da ya saɓa, a rufe masa shago wata guda. A 1977, da taimakon sabon iri mai yawan yabanya da ake kira Tongil, ƙasar ta wadatu da shinkafa aka sassauta dokokin, kwanon kuwa ya zauna daram.

Yau lamarin ya juye. A 1970 kowane ɗan Koriya ta Kudu na cin kimanin kilo 136 na shinkafa a shekara; a 2023 abin ya sauko zuwa kilo 56. Yanzu damuwar gwamnati ita ce yadda za ta yi da rarar. Mu dai, 'ya'yan masu tuwo, kwano ɗaya ko'ina bai je mana ba. Kowa ya nemi ƙari, Imo na ta cewa, "Ku ci da yawa," abokinmu kuma na ƙirgawa, don ƙarin shinkafa, sabanin bancan, won 1,000 ne kowane kwano.

Ladubban tebur ba su da wuya. Cokali da tsinkayen ƙarfe biyu suna cikin wata 'yar durowa a gefen tebur, ƙaramin cikinku ne zai fito da su ya raba, ya zuba wa kowa ruwa. Ba a farawa sai babba ya ɗaga cokali. Shinkafa da miya da cokali ake ci, tsinkayen na ɗaukar mahaɗi ne, kuma ba a soka su tsaye a cikin shinkafa, domin hakan na tuna musu da abincin da ake ajiye wa mamata. Tsinkayen Koriya shafaffu ne masu santsi, sai da muka yi gumi kafin mu kama tsiron wake guda. Barin saura kuwa asara ce ga Imo kai tsaye: tun 2005 aka hana binne ragowar abinci a juji a biranen ƙasar, kuma mai zubarwa biya yake yi gwargwadon yawan abin da ya zubar. Shi ya sa farantin suke ƙanana, a ci a ƙaro.

Won 9,000 kowa ya biya, ban da ƙarin shinkafar, kuɗin da bai kai na kofi biyu ba a sababbin shagunan shan gahawa da suka cika Haebangchon. A nan matsalar take. Imo ta ce tun ƙarfe biyar na asuba take tashi, don bancan takwas girki takwas ne, kuma kullum sai ta sauya wasu saboda mutane ɗaya ne ke zuwa mata. Kabeji ya yi tsada, haya ta hau, idan ta ƙara kuɗi direbobi da leburorin da ke ci a wurinta za su gudu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Koriya ta Kudu yanzu mutum ɗaya ne ke zaune a ciki, kuma matasa da yawa sun gwammace su ɗauki abincin roba a kanti su ɗumama. 'Ya'yanta biyu suna aikin ofis, ba wanda zai gaje ta, ita ma ta ce ba ta so su gada. Da abokinmu ya tambaye ta shekara nawa take ganin za ta ƙara, sai ta nuna gwiwarta ta ce wannan za a tambaya.

Kafin mu tashi ta kawo buta ta tsiyaya wa kowa wani ruwa mai ɗumi, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ƙamshin toyi. Ƙanzon gindin tukunyar shinkafa ne ake zuba wa ruwa a tafasa, su suna ce masa "sungnyung", kuma da shi ake rufe cin abinci tun zamanin da ba a yarda ƙwaya ɗaya ta tafi a banza ba. A lokacin wasu leburori uku sun shigo da hulunan kwano a hannu suna jiran tebur, sai muka shanye da sauri muka ba su wuri.