Kafin mu canza gidon, mu fara auna jikinmu

Jama'a, mu da muke cin dogon zango bisa moto mun san wani ciwo da ɗan kabu-kabu na cikin gari bai cika sani ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kilomita ɗari biyu da ƴan kai ne. Kafin mu wuce Agye kafaɗa ta fara tsami, a Tasawa wuyan hannu na zafi, muna isa Takeita yatsu sun mutu kamar ba namu ba. Malamin makaranta da aka tura ƙauye, ma'aikacin lafiya mai yawon rigakafi, ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako, duk kukanmu ɗaya. Sai mu ce hanya ce, ko shekaru. Sau da yawa kuwa laifin na kan moto ne, wato gidon, yadda makanisai ke faɗi.

Kamfani yana ƙera gidon ɗaya don kowa, alhali tsawonmu ba ɗaya ba. Abu uku muke dubawa: tashinsa sama, faɗinsa, da yadda bakinsa biyu suka lanƙwaso wajen mai tuƙi.

Ga yadda muke gwaji, ba a biyan ko dala. A kafe moto bisa tsayuwarsa ta tsakiya, a zauna yadda aka saba, baya a miƙe. A rufe ido, a miƙa hannu gaba inda jiki ya ji daɗi, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. In an buɗe ido, inda hannu ya tsaya, nan ya kamata mariƙin ya kasance. In sai mun duƙa kafin mu kai, gidon ɗin ya yi ƙasa ko nisa, nauyin jiki duk ya koma kan tafin hannu. In hannu ya haura kafaɗa, ya yi sama da yawa, nan ma yatsu za su mutu. Wuyan hannu kuma a miƙe ake son shi, kar ya karye ciki ko waje.

Faɗi kuwa, hanya ce ke yanke hukunci. Wanda ke shiga rairayi da burji yana son mai ɗan faɗi, don ya fi ba shi ƙarfin riƙe ƙafar gaba in ta fara rawa. Shi ya sa irin su Yamaha DT ke zuwa da faffaɗa. Amma wanda zai kutsa cunkoson Yamai ko bakin babbar kasuwar Maraɗi, faɗin nan madubin mutane zai riƙa tsinta.

Kafin ma a sayi sabo, a kwance notin da ke riƙe da shi, a ɗan juyo shi baya ko gaba, a gyara zaman hannun birki da na kuloci su bi layin yatsu. Wani lokaci nan magana ke ƙarewa.

In dai sai an saya, to a lura. Galibin motocin da muke hawa, irin su Haojue da Boxer, kaurin ƙarfensu milimita 22 ne. Akwai mai kaurin tsakiya, wajen milimita 28, wanda ba ya shiga mazaunin namu sai an canza mazaunin. Sannan wayoyi: in gidon ya ƙara tsawo, wayar birki, ta kuloci, ta totur da ta lantarki suna iya gazawa. Bayan an ɗaura, a tada inji, a karya kai har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu. In ƙarar inji ta ƙaru da kanta, wayar totur ta ɗame, kar a hau sai an sa doguwa. A duba kuma kar ya bugi tanki ko ya matse babban yatsa.

Araha dai ba ta ado. Ƙarfe mara kauri yana lanƙwashewa da faɗuwa ɗaya, ga jijjiga da yake aikawa hannu. Wanda ya taɓa lanƙwashewa aka miƙe da wuta, ƙarfinsa ya ragu, gara a bar shi. Robar mariƙi mai taushi da ƴan ƙarafan nauyi na bakin gidon su ma suna rage jijjiga.

Wannan ba zancen gayu ba ne, wallahi. Ranar da akuya ko amalanke ta faɗo mana kwalta tsakanin Galmi da Madawa, hannun da ya mutu ba ya damƙe birki kan lokaci, ga kuma mutum a bayanmu da aka ba mu amana.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kar mu ɗaura don mun gani a moton wani. Mu gwada, mu yi ɗan zango, in jiki bai amsa ba mu koma gareji a sake gyarawa. Kuma ko gidon ya yi daidai, mu riƙa tsayawa muna miƙe hannu, mu sha ruwa.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.