Wa Ake Fara Yi wa Fatan Alheri?

A Sri Lanka duk ranar da wata ya cika hutu ce, suna kiranta Poya. A nan Kandy inda nake zaune, tun da sassafe za ka ga tsofaffin mata cikin fararen kaya sun nufi wurin ibada da furanni a hannu. Cikin ibadunsu na wunin akwai zaman da mabiya Buda ke kira metta: mutum ya zauna shiru, ya lumshe ido, ya riƙa maimaita fatan alheri a zuci, na lafiya da kwanciyar rai da kuɓuta daga wahala.

Ba da ka ake yinsa ba. Malaminsu Buddhaghosa, wanda ya zauna a Anuradhapura a ƙarni na 5, ya jera matakan a littafinsa Visuddhimagga: ka fara da kanka, sai malaminka ko wani da kake ganin girmansa, sai amininka, sai wanda ba ruwanka da shi, maƙiyi ne ƙarshe. Har ya ja kunne: kada a fara da maƙiyi don fushi zai jawo, kada namiji ya sa mace a gaba don sha'awa za ta kutso. Da ji ka san mutumin ya san halin zuciya. A wurinsa, farawa da kai kafa shaida ne kawai: yadda kake son daɗi kake gudun wuya, haka kowa yake. Zaure ne, ana ratsa shi a shige cikin gida.

Da abin ya haura Amurka, sai aka yada zango a zauren. Sharon Salzberg, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar Insight Meditation Society a garin Barre na jihar Massachusetts a 1975, ta koyi metta a Burma wurin Sayadaw U Pandita, ta kuma fitar da littafi a kansa a 1995. Ita ce ta tambayi Dalai Lama a Dharamsala a 1990 me zai ce game da mutumin da ya tsani kansa. Sai da ya yi ta kai-komo da tafintansa, don maganar ba ta shige shi ba. Ita kuwa ɗalibanta cutar da ke cinsu ke nan.

Na ga wannan da idona. Wata Ba'amurkiya da ta sauko daga cibiyar Nilambe, can kan duwatsun da ke wajen gari, ta gaya mini makonni ta yi ba ta wuce matakin farko ba. Da ta ɗora hannu a ƙirji ta yi wa kanta fatan alheri, sai kuka ya ƙwace mata. Ban ga abin dariya ba. Wanda ya tashi ba mai ce masa sannu, dole ya koyi ce wa kansa. Jami'o'i ma sun shigo. Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta fito da ma'aunin tausaya wa kai a 2003, Barbara Fredrickson kuma ta gwada metta a kan ma'aikatan wani kamfanin kwamfuta, ta wallafa a 2008 cewa jin daɗinsu ya ƙaru. Sai dai ka lura, mai zaman ake aunawa, ba a tambayi maƙiyinsa ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen fatan alheri, da shi muke wuni: Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya raya. Addu'armu ma da kai take farawa, sai iyaye, sai sauran Musulmi. Amma mu Allah muke roƙo, a bayyane, wani ya ce amin. Su masu metta ba su roƙon kowa, zuciyar mai zaman ake horarwa. Matakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na huɗu: ka zauna takanas ka tuna da kwandastan motar da ka hau jiya, wanda ko sunansa ba ka sani ba, ka so masa abin da kake so wa ɗanka.

Duk da haka, Sri Lanka ta sha yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. A watan Maris na 2018 an ƙona shaguna da masallatan Musulmi a Digana, kusa da Kandy, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta toshe Facebook. Na tambayi tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda Poya ba ta wuce ta, yaya haka ta faru. Ta girgiza kai ta ce, "Ɗana, yawancinmu a mataki na uku muke tashi."