Lambar Yabo A Kan Yunwa

Akwai wani hoto da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A shekarar 1993, lokacin yaƙi da yunwa a kudancin Sudan, Kevin Carter, mutumin Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani yaro a garin Ayod. Yunwa ta durƙusar da yaron, ga ungulu a bayansa ta zuba masa ido. Jaridar New York Times ta buga hoton, a 1994 aka ba Carter lambar yabo ta Pulitzer. Cikin watan Yuli na wannan shekara ya kashe kansa.

To, ni ban ga laifin Carter ba. Aikinsa ya yi, hoton kuwa ya sa duniya ta waiwayi Sudan. Masu ba da lambar nake wa tambaya: me suka auna, kyan hoto ko munin yunwa? Shekara 18 duniya tana ce da yaron nan yarinya. Sai a 2011 'yan jarida daga Sifen suka gano mahaifinsa, ya ce ɗan nasa ya tsira daga yunwar, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa a 2007.