Rigar Maharbi Mai Laya 37

Na daɗe ina yi wa kayan jaruman anime dariya. Duk sanda yara suka kunna Naruto a gida, sai in tsaya a bakin ƙofa in ce: wai wannan ne ninja, mai aikin sanɗa da ɓuya, amma ya sha kaya ruwan lemo da za a hango tun daga bakin gari? Sailor Mars kuwa da takalmi mai tsini take dambe da dodanni. A ganina masu zanen Japan ƙawa kawai suka sani, babu ruwansu da ko tufar za ta yi aiki a jikin mai ita.

Shi ya sa da ƙanena, ɗan baffana, wanda ya iya zanen katun, ya zo mu haɗa ɗan fim na minti 3 a kan wani maharbi, ni da labari shi da zane, na ce yau za a ga yadda ake yi. Na ja shi gidan wani tsohon maharbi a unguwarmu, dattijon ya ɗauko mana kayansa daga rataye. Riga ce ruwan ƙasa da ta sha hayaƙi har ta yi tauri, layu sun rufe ta gaba da baya, ga warki, ga guru na ƙugu, ga kambu na damtse, ga kwari da baka. Na ƙirga layun, 37. Na ce haka za a zana, ba ragi.

Yaron ya dubi hoton da muka ɗauka ya ce, "Yaya, wannan rigar za ta kashe ni."

Na ce, "Lalaci ne ke damunka."

Bayan wata biyu, daƙiƙa 20 kacal ya gama. Layun ma sun ƙi zama wuri guda: nan 37, can 31, guru ya ɓace ya dawo. Da muka nuna wa yara a waya, tambayarsu ta farko ita ce, "Wanne ne jarumin?" Mutum ruwan ƙasa, cikin daji ruwan ƙasa, tsakanin maharba masu kaya iri ɗaya. Rigar da ke ɓoye maharbi daga idon barewa ta ɓoye shi daga idon mai kallo. Maimakon in gane, sai na yi masa faɗa a gaban mahaifiyarsa, na ce ya ɓata mini labari. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bai tanka ba. Washegari ya miƙo mini takarda da lissafi: zane 12 a kowace daƙiƙa, daƙiƙa 180, zane 2,160 ke nan, kuma ɗaya bayan ɗaya yake yin su da hannu. In jarumin na cikin kowanne, layu 79,920 nake so ya zana. Na yi shiru.

Daga nan ya ba ni labarin mutanen da nake rainawa. Akira Toriyama, wanda ya fara Dragon Ball a 1984, ya faɗa da bakinsa cewa ya sauya launin gashin Goku idan ya rikiɗa ya zama Super Saiyan ne don mataimakinsa ya huta da cike gashin da baƙin tawada. Masashi Kishimoto, wanda ya fara Naruto a 1999, da farko tabarau ya ɗaura wa yaron a goshi, da ya ga zana shi na cin lokaci sai ya kawo ƙyallen goshin nan mai farantin ƙarfe da duniya ta sani. A lokacin, mutanen nan shafi kusan 20 suke miƙa wa mujallar Shonen Jump duk mako, kowane maɓalli da suka ƙara a riga bashi ne a wuyansu har labarin ya ƙare. Ashe abin da na ɗauka ado ne, rabinsa dabarar ma'aikaci ce. Ɗaya rabin kuma na mai kallo ne: ko inuwar Luffy na One Piece aka nuna wa yaro, malafar nan za ta gaya masa ko wane ne. Ni jikin jarumi kawai na duba, wanda ba ya zufa, ba ya gajiya, na manta da hannun da ke gajiya.

Na koma gidan baffa na ba yaron haƙuri a gaban wadda na yi masa faɗa a gabanta. Maharbinmu yanzu riga ruwan ɗorawa gare shi, da jar hula, da babbar laya guda ɗaya a ƙirji. Dattijon da ya gani ya yi dariya ya ce da wannan shigar ko zomo ba zai kama ba. Yara kuwa daga ƙofar ɗaki suke gane shi.

Takalmin Sailor Mars dai har yanzu ban yarda da shi ba.