Wa zai shiga, wa zai sauka

A Tawa aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa, a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauke shi. Duk shekara kowace jiha tana tura ƴan kokowa goma, kuma zaɓen goman nan ya fi tsaya mini a rai.

Samari a fada suna jan ƙungiyar ƙwallo a wasan salula: su ɗaga yaro zuwa cikin manya, su sallami wanda ya tsufa, da taɓi ɗaya. A filin kokowa na Hamidine Maïdaré kuwa abin na da nauyi. Yaron da ya kayar da kowa a ƙauyukan Adar bayan girbi yana jiran gurbi, gurbin kuwa na hannun wanda makaɗa suka shekara da shekaru suna yi wa kirari, ga iyali na ci daga ƙarfinsa. A gaggauta yaro, faɗuwar farko ta karya masa zuciya. A bar babba ya wuce lokacinsa, ya sha ƙasa gaban ƙannensa.

Ni dai ina ganin a ba yaron gurbin. Amma masu zaɓe, ku riƙe babban ya koyar, da albashinsa.