Vespa Goma Sha Ɗaya A Duwatsun Kajuru

Ku yi mini afuwa, wannan makon babu ci gaban littafinmu, wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ga idan ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi tafiya ba.

Muna da 'yar ƙungiya a nan Unguwar Dosa ta masu tsohuwar Vespa. Ni ne kusan ƙaraminsu, ni da na ba arba'in baya. Akwai tela, akwai malamin firamare mai ritaya, akwai tsohon ma'aikacin masaƙa da ya zauna tun da aka rufe masaƙun Kakuri. Duk kaka, in ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, mukan ware yini guda mu fita gari. Bana Kajuru muka nufa.

Bayan sallar asuba muka haye kogin Kaduna ta titin Yakowa, muka faɗa hanyar Kachiya wajen matatar mai, muka wuce Kujama. A Kasuwan Magani aka sha shayi, kowa ya ƙara mai ya zuba baƙin mai a ciki, domin ita Vespa haka take shan nata a gauraye. Daga Mararrabar Kajuru ne duwatsu suka fara tare ido, baƙaƙe sumul, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora. Can a bisa tsauni ga gidan nan mai kama da fadar sarakunan Turai, wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Ba mu tsaya ba, mun sha ganinsa. Burtalin da ya zagaya bayan duwatsun muke so.

Wanda bai taɓa hawa dutse da Vespa ba, ba zai san wahalarta ba. Ƙafarta ƙarama ce, inci goma, kowane rami sai ta gaisa da shi, ga inji a gefen dama yana rinjayarta, ga giya a hannun hagu kana murɗawa kana kama kuloci. A gangara kuwa jagoranmu, wanda muke kira Baba Makanike, ya hana a saki totur gaba ɗaya a bar inji ya riƙe nauyi, ya ce in mai bai shiga ba baƙin mai ma bai shiga ba, sai fistin ya kama. Shi ke gaba, mai safayar taya da fulogi da kebul yana can baya, kuma doka ce ba a wuce wanda ya tsaya. Kai, mun sha ƙura, mun sha dariya.

Wajen hantsi muka ɓullo wani ɗan ƙauyen Adara a gindin dutse. Daga nesa muna hango mata suna sussukar dawa. Kafin mu ƙarasa babu kowa. Taɓare a yashe, turmi a kife, kaji kawai ke tsattsagar hatsi, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya.

Baba Makanike ya ɗaga hannu, ya ce, "Kowa ya kashe, a sauka a tura."

Muka cire hulunan kwano muka shiga da turi, muna ta rafka sallama. An jima wani dattijo ya leƙo ta bayan rumbu, ya ƙare wa baburanmu kallo, sannan ya saki numfashi.

"Sannunku da zuwa. Amma kun tsinka mana hanji."

"Baba, a gafarce mu, yawon buɗe ido ne daga Kaduna."

"Na gani ai," in ji shi. "Mutanen daji ba sa hawa wannan. Ƙarar ce ta riga ku isowa."

Wallahi sai na ji jikina ya yi sanyi. Lokacin da muke samari, in ka ji ƙarar babura da yawa a tare, to ango ake rakawa ko alhaji aka taro daga filin jirgi, yara su fito da gudu suna tsalle. Yanzu a ƙauye wannan ƙarar tana nufin a ɗauki goyo a shiga dutse. Kuma ba su yi laifi ba. A Oktoban 2018 mutum 55 aka kashe a rikicin Kasuwan Magani inda muka sha shayi. A Afrilun 2019 'yan bindiga suka shiga wancan gidan na kan tsauni suka kashe mutum biyu. A ƙarshen Satumban 2021 sai da gwamnatin El-Rufa'i ta hana hawa babur a jihar har tsawon wata uku, aka kuma yanke layin waya a wasu yankuna. Mu a birni muka yi ta ƙorafi an takura mu. Su ko waɗanda babur ke zo wa da dare, ban ji wanda ya tambaye su ba.

Sannu a hankali matan suka sauko. Aka kawo mana ruwa a ƙwarya, wata tsohuwa ta cika wa tela aljihu da gyaɗa, shi kuma ya ɗora jikokinta a babur a kashe aka yi ta ɗaukar hoto. Yaron mai takalmi dai ya ƙi matsowa, yana maƙale da zanin uwarsa har muka tashi.

Ba mu ta da inji ba sai da muka tura kusan rabin kilomita a cikin rana, dattawa masu ciwon gwiwa, babu wanda ya ce uffan. A inuwar wata ɗorawa muka yi azahar, nan aka yanke shawara cewa daga yanzu ba za mu ƙara shiga ƙauye ba sai an aika wa mai gari tun ana sauran mako, kuma mutum ɗaya ya fara shiga shi kaɗai. Malam mai ritaya ya ce shi kam ya gama, baɗi a tafi ban da shi. Ba mu matsa masa ba.

Ana kiran magariba muka shigo Unguwar Dosa, mu goma a kan babur, ta tela kuma ana jan ta da igiya tun daga Kujama.