Haƙurin Käthe Kollwitz

Da ƙanena ya rasu, kalmar da na fi ji ita ce "haƙuri", har na ɗauka ma'anarta mutum ya yi shiru ya manta. Tarihin Käthe Kollwitz, Bajamushiya mai zane da sassaƙa, shi ya gyara mini fahimta.

A 1914 ɗanta Peter, mai shekara 18, ya nemi shiga soja. Mahaifinsa ya ƙi, ita ce ta roƙa masa izini. A watan Oktoba aka kashe shi a Beljiyam. Ta ƙudurta yi masa abin tunawa, tana farawa tana rushewa, ba ta kammala ba sai 1932. A ƙarshe ba siffar Peter ta fitar ba. Iyaye biyu ne na dutse a durƙushe: uban ya rungume ƙirjinsa, uwar ta sunkuyar da kai, fuskarta kuwa ta Käthe ce. Yau suna maƙabartar sojojin Jamus ta Vladslo, inda Peter yake kwance.

Shekara 18 tana wannan aiki, ba ta manta ba, ba ta kuma wanke kanta ba. Yanzu idan na ba mai makoki haƙuri, irin nata nake nufi.